Idan Akwai Mai Ciwon Ƙoda a Gidanku

Ƙannena, a darasin kimiyya kun ji sunan fotasiyam, sinadarin da ake rubutawa da harafin K. Yana cikin jininmu, kuma da shi zuciya ke bugawa daidai. A jinin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin asibiti. Ƙoda ce ke fitar da rararsa ta fitsari. Idan ƙoda ta gaza sai ya taru, in ya kai 6.5 kuwa zuciya na iya tsayawa farat ɗaya.

Na san wannan ne ta dalilin kawuna da ke wani ƙauye a Gwaram, wanda ake yi wa wankin ƙoda. Duk sanda ranar wankin ta wuce ba a kai shi ba, hankalinmu ba ya kwanciya, domin a irin wannan lokaci ne sinadarin ke hawa. Alamominsa ba su da hayaniya: ƙafafu su yi nauyi, jiki ya saki, yatsu ko leɓe su riƙa zuga, tashin zuciya, bugun zuciya ya ragu ko ya rikice. Wani ma ba ya jin komai sai ya faɗi.

In kun ga haka ga mai ciwon ƙoda, kada a ce gajiya ce a jira gari ya waye. Kada a ba shi ayaba, dabino, lemu ko miyar da aka sa wa ruwan toka, duk suna ɗauke da fotasiyam. A dakatar da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. A tattara duk magungunansa a leda, musamman na hawan jini kamar lisinopril, a nemi mota, a nufi asibiti mafi kusa ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Da isa, a gaya wa ma'aikata yana da ciwon ƙoda da ranar wankinsa na ƙarshe. Su ne za su auna jininsa da zuciyarsa, su yi masa allurar kalsiyam da insulin haɗe da sukari.

Babu jiƙo ko sassaƙen da ke sauke wannan sinadari a gida. Sau da yawa ku ne kuka fi kowa karatu a gidan, don haka ku yi magana, ko da a gaban manya ne, cikin ladabi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.