Garin Da Aka Auna Mayu A Ƙasar Holan

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani ƙaramin gari da na ziyarta a ƙasar Holan, sa'ad da ofishinmu ya tura ni birnin Utirek koyon aikin ajiyar takardu. Abin da na gani a garin nan ya tsaya mini a rai ƙwarai, na kuwa ga ya shafe mu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan garin Audewatar, watau Tsohon Ruwa da harshensu. Yana tsakanin Utirek da Gauda, kamar mil 8 daga Gauda, a daidai inda wani ƙaramin rafi da ake kira Linskoten ya haɗu da kogin Aisel. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a garin, sai dai mutum ya shiga bas ko ya hau keke. Mutanensa, har da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, ba su wuce kamar 10,000 ba, watau a wurinmu ko gundumar hakimi guda ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Amma fa tsohon gari ne, gama tun cikin shekarar 1265 Bishop na Utirek, wanda shi ne mai mulkin ƙasar a lokacin, ya ba shi takardar 'yancin zama birni.

Idan ka shiga tsakiyar garin, abin da za ka fara lura da shi ruwa ne. Rafi ya ratsa ta tsakanin gidaje, an ɗaure bakinsa da jan tubali, an yi masa ƙananan gadoji nan da can. Gidajen siraran ne, dogaye, a manne da juna, fuskar waɗansunsu ta tashi hawa-hawa kamar matakala, kuma da yawa an rubuta shekarar da aka gina su a jikin bango. Hanyoyin duk a shimfiɗe suke da tubali, mutum ya kewaye tsohon garin da ƙafa cikin sa'a guda bai gaji ba. Gidan majalisar gari yana nan tsaye da fuskarsa ta shekarar 1588. A kan rufinsa na ga sheƙar wata irin shamuwa fara, wadda ta fi tamu girma. Mutanen garin suna murna da ita kamar yadda muke murna da zuwan shamuwa gabannin damina, kuma waɗansu daga cikin irin tsuntsayen nan kan ƙetaro har Afirka ta Yamma idan sanyin Turai ya kama.

Arzikin garin a zamanin da daga igiya ya fito. Manoman kewaye suna shuka wani tsiro mai zare kamar ramar ƙasarmu, mutanen gari su tufka shi, su sayar wa masu jiragen ruwa, gama jirgin ruwa mai filafilai ba ya tafiya sai da igiya mai ɗimbin yawa. Mai tufka yakan naɗa zaren a cikinsa, yana ja da baya yana saki, zaren kuwa launin rawaya gare shi, don haka maƙwabtansu suka laƙaba wa mutanen garin suna Masu Rawayan Ciki, sunan kuwa ya bi su har yau. Akwai ɗan gidan tarihi na igiya inda aka ajiye kayan aikin, akwai kuma masaƙar igiya ta G. van der Lee, wadda asalinta tun shekarar 1545 ne.

Garin nan ya taɓa ganin baƙar rana. A zamanin da Sarkin Sifen Filibus na 2 yake mulkin ƙasar, mutanen Holan suka yi masa tawaye, aka yi yaƙin da ya ɗauki shekara 80, daga 1568 zuwa 1648. Audewatar yana cikin garuruwan da suka fara bin Yarima Wiliyam na Oranj a 1572. Cikin shekarar 1575 rundunar Sifen ta kewaye garin, ran 7 ga watan Agusta ta fasa ganuwa ta shiga, aka karkashe mutane maza da mata da yara, wuta kuma ta cinye yawancin gidaje. Wannan shi ne dalilin da ya sa mafi yawan tsofaffin gidajen da ake gani yanzu na bayan shekarar nan ne. Wani ɗan garin mai suna Yakubu Arminiyus yana can Jamus wajen karatu sa'ad da abin ya faru, ya komo ya tarar an kashe mahaifiyarsa da 'yan'uwansa. Shi ne daga baya ya zama babban malamin addini a jami'ar Laidin, ya rasu a 1609. Har yanzu mutanen garin ba su manta da ranar nan ba.

To, jama'a, ga abin da ya sa na rubuto wasiƙar nan. A bakin kasuwa akwai wani gida na shekarar 1595, shi ne gidan awo na gari. A ciki akwai wani ƙaton sikeli mai faranti biyu na katako, a rataye da igiyoyi, wanda aka ce tun 1482 yake. Asalin aikinsa auna kayan kasuwa ne, zaren igiya da cuku da sauransu, domin kada mai saye ko mai sayarwa ya cuci ɗan'uwansa. Amma sunan da duniya ta san gidan da shi yau shi ne Ma'aunin Mayu.

Wanda bai karanta tarihin Turawa ba zai yi tsammani ba su taɓa sanin maita ba. Ina! Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe dubun dubatar mutane a ƙasashen Turai bisa zargin maita, yawancinsu mata, da yawa kuwa ƙone su aka yi. In saniya ta ƙafe, ko ƙanƙara ta ɓata amfanin gona, ko yaro ya mutu ba zato, sai a nemi wata tsohuwa marar gata a ɗora mata. Suna cewa mayya takan hau tsintsiya ta tashi sama da dare, saboda haka lalle ba ta da nauyi irin na mutane. A waɗansu wurare sai a ɗaure wanda ake zargi a jefa shi cikin ruwa, in ya taso sama a ce maye ne. A waɗansu kuma sai a ɗora shi kan sikeli, in mai awo ya ci hanci ko yana tsoron taron jama'a, sai ya murɗe abin ya ce ba shi da nauyi.

Mutanen Audewatar suna ba da labari, wai Sarki Karel na 5 ya taɓa tarar da an auna wata mace a wani ƙauye kusa da nan, mai awo ya ce nauyinta bai fi na kaza ba. Sarki bai yarda ba, ya sa aka kawo ta Audewatar aka sake aunawa, aka sami nauyinta daidai na mutum, wai daga nan ya ba garin izinin ba da takardar shaida. Masana tarihi suna ɗaukar wannan labarin baka ne kawai. Abin da ya tabbata a rubuce shi ne, har cikin ƙarni na 18 mutanen da aka zarga a garuruwansu sukan yi tattaki su zo nan da kansu, su biya kuɗin awo. Sai a duba jikin mutum a tabbata bai ɓoye ƙarfe ko dutse a tufafinsa ba, in mace ce ungozomar gari ce mai dubawa. Sa'an nan a ɗora shi kan sikeli a gaban 'yan majalisar gari, akawu ya rubuta takarda cewa nauyinsa ya dace da girman jikinsa, a buga hatimin gari, ya ɗauka ya koma gida ya nuna wa masu zarginsa. Ba a taɓa samun ko mutum ɗaya da aka auna a gidan nan aka ce maye ne ba.

Yanzu gidan ya zama gidan tarihi, duk baƙon da ya so sai ya hau sikelin. Ni ma na hau, mai gidan ya yi ta jera duwatsun awo a ɗaya farantin har suka daidaita, ya miƙo mini takardata, 'yan kallo suna dariya. Na yi dariyar tare da su, amma da na fito na zauna a bakin rafi sai jikina ya yi sanyi, gama abin da ya zama wasa a wurinsu, a wurinmu har gobe yana cin mutunci, wani lokaci har da rai. Wanene a cikinmu bai taɓa ji ba an ce wance ta kama kurwar yaro? A taru a ƙofar gidanta da sanduna, a tilasta mata ta tsallake marar lafiya a gaban jama'a, jikokinta suna kallo. Ko yaron ya warke ko bai warke ba, ita dai ta gama yawo, ba mai cin tuwonta, ba mai auren 'yarta. Sau da yawa kuwa abin da ke damun yaron zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau masa kai, ko sanƙarau, ko farfaɗiya, lokacin da aka ɓata wajen neman mayya kuwa da ya isa a kai shi asibiti.

Kada wani ya ce ina so a kafa mana sikelin auna mayu a kasuwa. Awon kansa wauta ne, domin babu ɗan Adam da ya rasa nauyi. Abin da ya ceci mutanen nan abu biyu ne. Na fari, mai awo ya faɗi abin da sikeli ya nuna, bai bi son zuciyar taro ba. Na biyu, hukuma ta sa hannunta da hatiminta ta tsaya bayan marar gata. Mai awo da akawu ƙananan ma'aikata ne irinmu, amma da suka riƙe amana sai ƙarya ta rasa wurin tsayawa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa tuna wa jama'a cewa zato zunubi ne, su kuma malaman makaranta su koya wa yara sanin cututtuka da alamunsu. Ina roƙon dagatai da masu unguwa, in an kawo musu irin wannan ƙara, su fara tambaya ko an kai marar lafiya wurin likita, su kuma hana kowa taɓa wanda ake zargi. Mu kuma akawuna, duk abin da aka sa mu rubuta mu rubuta shi yadda yake, ko da mai ƙarfi ne yake tsaye a kanmu. Zan yi murna in masu karatu da suka fi ni sani, musamman alƙalai, za su rubuto su gaya mana yadda suke yi da irin wannan shari'a in ta zo gabansu.

Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya kiyaye mu da ɗora wa bawansa laifin da bai yi ba, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu Mai Karatun Jarida.