Bangon Madafar Uwargida



Shekara 26 muka yi da aure kafin in tsaya in dubi bangon madafar gidanmu da idon basira. Abin da ya kai ni ga haka shi ne tsautsayin da ya faɗa wa uwargida a watan Nuwamba na 2023, lokacin da ta zame a bakin famfo ta karye a wuyan hannun dama. Likita ya ɗaure hannun, ya ce sai ta yi mako shida ba ta ɗaga ko ludayi ba. Ƴar farinmu tana gidan mijinta a Maraɗi, samarin biyu suna karatu a Yamai, don haka girki ya dawo kaina ni da auta, uwargida kuwa tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa tana ba mu umarni.

A rana ta uku ina soya albasa, mai ya fantsama, na bi shi da ido har inda ya sauka. Sai na ga bangon da muka shafa wa shuɗin fenti ya koma launin ƙasa, ya yi danƙo, a tsakiyarsa kuma akwai wani fili da fentin ya goge har siminti ya fito. Na tambayi dalili. Auta ta ce: "Baba, ai nan ne Inna take gogewa da soson ƙarfe kowace Juma'a da safe." Na yi lissafin Juma'o'in da suka wuce tun da muka tare a gidan, kunya ta kama ni.

A gidan da na tashi, a unguwar Birni ta Damagaram, ba a san wannan wahala ba. Murhu duwatsu uku ne a tsakar gida, bangon ƙasa ne ke shan hayaƙi, idan ya yi baƙi mata su kwaɓa ƙasa su yi sabon shafe. Su ne kuma ke taruwa su yi daɓe, su yayyafa ruwan makuba, su jera kwanoni a ɗakin amarya. Amma tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gaz ya yawaita a gidajen birni, girki ya tashi daga tsakar gida ya shiga ɗaki mai bangon siminti. Fenti kuwa ba ya jure mai da tururi, kuma siminti ba ya karɓar shafen ƙasa.

Maganin da kowa ya sani shi ne karo, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira tayil. Sai dai kuɗin karo da siminti da ladan magini sun fi ƙarfin aljihun malamin makaranta mai ritaya a watan da ya biya kuɗin asibiti. A kasuwar Dole na ga abin da ya ja hankalina: allunan roba marasa nauyi, na sinadarin PVC, an yi musu zane kamar an jera ƙananan karo fari da kore. Kowane allo tsawonsa santimita 96, faɗinsa 48. Bangonmu mita 2 ne da santimita 80, don haka allo uku za su cika layi ɗaya. Na sayi shida na layi biyu, na ƙara ɗaya saboda ɓarna. Mai shagon ya ce mini: "Alhaji, kada dai ka kai shi kusa da wuta." Na ce na ji, alhali hankalina yana kan lissafin canji.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, domin mafi yawansa na yi shi daidai, kuma zai amfani wanda ya yi niyya. Abu na farko shi ne wanke bango. Gam ba ya kama maiƙo, ba ya kama ƙura, ba ya kama danshi. Mun wanke da ruwan zafi da garin sabulu har sau uku, na kankare fentin da ya ɗaɗɗago, na cike ramuka biyu da siminti, sannan muka bar bangon ya bushe sarai. Wanda bangonsa ke da farar ƙasa sai ya kankare ta gaba ɗaya, in ba haka ba allon zai faɗo tare da ita. Da yake lokacin hunturu ne, sai da na sake share ƙura a safiyar da zan fara.

Abu na biyu shi ne layi. Dakalin da muke ɗora tukwane bai miƙe ba, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu da kusan santimita guda. Da na bi shi, da zanen ya karkace kowa ya gani. Sai na ari dabarar magina: na cika siririn tiyo mai haske da ruwa, auta ta riƙe baki ɗaya, na riƙe ɗaya, muka yi alama inda ruwan ya tsaya a kusurwa biyu, na haɗa su da zare. Daga wannan layi na fara. Kafin in yanka gurbin makunnin lantarki na kashe wutar gidan baki ɗaya, na auna sau biyu, na yanka da wuƙa mai kaifi a kan katako. Na zizara gam a bayan kowane allo, na danna shi da tsumma daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. A kusurwoyi na bar tazarar milimita uku, saboda roba tana buɗewa idan ta ji zafi, kuma abin da aka manna a cikin sanyin Disamba zai gamu da zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. A ƙarshe na toshe mahaɗar allo da dakali da silikon, don kada ruwa ya shige baya ya zama gidan kyankyasai.

Kwana biyu aikin ya ci. Madafa ta yi haske kamar ba ita ba, maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, ni kuwa ina ta bayani kamar wanda ya gina fadar sarki. Uwargida ta yi godiya ƙwarai. Amma tun ranar farko, ina manna allon tsakiya, ta ce: "Malam, da ka bar bayan murhun nan. Idan na ɗora babbar tukunya, wutar ba sama take yi ba." Na ce mata na auna, tsakanin murhu da bango akwai tazarar tafin hannu. Ta yi shiru, irin shirun da na sani shekara 26, amma na yi kamar ban gane ba.

Wata shida allon bai nuna komai ba, har na fara ganin gaskiyata. Sai babbar salla ta zo a watan Yuni na 2024. Aka ɗora babbar tukunya a kan gaz don suyar kayan ciki, auta tana juyawa. Ina zaure da baƙi na ji wani wari mai yaji, ba na nama ba, sannan na ji tarin yarinyar. Kafin in iso uwarta ta riga ta rufe tukunyar gaz ta jawo ta waje. Allon bayan murhu ya yi laushi, ya kumbura, ya rabu da bango ya sunkuyo a kan mai mai tafasa, gefensa ya yi baƙi yana hayaƙi. Saura ƙiris ya faɗa ciki.

Abin da uwargida ta gani da ido, daga baya na fahimce shi da karatu. Gindin babbar tukunya yana danne harshen wuta ya watsa shi gefe, zafin ya bi jikin tukunyar ya doki bango. Robar PVC tana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, alhali harshen gaz ya haura digiri 1000. Idan kuma ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin, wanda ke cin ido da maƙogwaro da huhu. Auta ta kwana da jan ido, amma Allah ya tsare, abin ya tsaya nan. Daren nan ban yi barci ba, ina tuna cewa mutum biyu suka gargaɗe ni, kuma ɗayansu ita ce ke tsayuwa a wurin sau uku a rana. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan salla na kira magini, wani yaro da na koyar a firamare. Ya cire alluna biyun tsakiya, ya kankare gam, ya jera farin karo mai faɗin mita ɗaya a bayan murhu, tun daga dakali har sama. Yana aiki yana ce mini: "Malam, gefen nan da kuka yi ya miƙe ƙwarai." Na san ladabi ne, amma na karɓa. Wannan karon uwargida ce ta nuna masa iyakar inda karo zai tsaya, da hannun da ya warke, ni kuwa ina riƙe da bokitin siminti.

Alluna huɗu na gefe suna nan har yau, ba su ɗago ba, ba su kumbura ba. Wajen wanke-wanke da wajen yankan albasa sun yi amfani matuƙa, tsumma mai ruwa ya ishe su. Don haka ba na hana kowa sayensu. Abin da nake roƙo shi ne a nisanta su da wuta, a sa karo ko farantin ƙarfe a bayan murhu, kuma kafin a ɗauki ma'auni a zauna da mai girkin a tambaye ta inda mai ke fantsama da inda zafi ke bugawa.

Soson ƙarfen nan yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Auta ta so ta jefar, na ce ta bar shi. Ran Juma'a da safe kuwa, ni ne ke goge bangon.