Gari ɗaya, suna biyu

Mu masu karatun ilimin harsuna, suna ne ke fara kama mana ido. Ku dubi Nagorno-Karabak: "nagorno" Rashanci ne, wato mai tsaunuka, "kara" baƙi ne da Turkanci, "bag" kuwa lambu da Farisanci. Harsuna ukku cikin suna guda, amma babu na Armeniyawan da suka fi yawa a wurin har zuwa 2023. Su Artsak suke ce masa.

A 1923 Tarayyar Sobiyet ta ba yankin cin gashin kai cikin Azarbaijan, aka sake wa babban garin suna daga Hankendi, ƙauyen sarki, zuwa Sitefanakert, don tunawa da wani ɗan kwaminis Ba'armeniye. Rikici ya tashi a 1988, ya zama yaƙi har 1994. Armeniyawa suka yi rinjaye, ɗaruruwan dubban Azarbaijanawa suka bar gidajensu, Agdam ta zama kufai. A 2020 Azarbaijan ta rama cikin kwana 44, a Satumban 2023 ta ƙarasa. Armeniyawa sama da 100,000 suka tsere cikin ƴan kwanaki. Taswira ta koma cewa Hankendi.

Ni dai, in zan rubuta sunan garin nan sai hannuna ya tsaya, don duk wanda na zaɓa, wallahi na ɗau ɓangare.

Abin da ya fi damuna, Armeniyancin Karabak karin harshe ne mai zaman kansa. Kamar a kwashe Adarawa kaf a zube su Kano: Hausa ce dai, amma jikokinsu da wane baki za su tashi? Yaran Karabak da yawa yanzu a Yereban suke lakkol.