Daushen Turawa: ranar da aka buɗe kwalba mai shekara 30

 Na san wasunku da jin zancen yau za su ce me ya haɗa kifi da kaska? Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe.

Shekara 19 na yi ina aikin kuku a Ikoyi, a gidan wani Bafaranshe. Tun ranar da ya ɗauke ni muka yi sharaɗi: ba na taɓa naman alade, ba na ɗaukar giya, ba na zuba ta, ba na sa ta a girki. Ya yarda, kuma har muka rabu bai saɓa ba. Giya haramun ce a addininmu, ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma wanda ke tsaye tsakanin kicin da teburin cin abinci yana da ido da kunne, hanci kuma ba shi da ƙyaure. Abin da na gani wata rana a 2012 ya tuna mini da sana'ar mahaifina, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labari.

Maigidan nawa mutumin Bordo ne, wani birni a kudu maso yammacin Faransa, inda ake noman inabin da ake yin jar giyar da ta fi kowace suna a duniya. Su a wajensu gonar inabi kamar gidan sarauta take, kowace da matsayinta. A 1855, zamanin Napoliyon na Uku, aka jera manyan gonakin hawa biyar, aka sa guda huɗu a sahun farko: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Sai a 1973 aka ƙara Mouton Rothschild ta zama ta biyar. Bayan sunan gona sai shekarar da aka tsinki inabin, wadda ake bugawa a jikin kwalba, domin kamar yadda damina ba ta zama ɗaya a wajenmu, haka su ma. Shekarar 1982 tana cikin waɗanda suke ji da su, saboda an samu rana sosai, inabi ya nuna yadda ake so. Wani Ba'amurke mai suna Robert Parker, wanda ya riƙa ba giya maki bisa 100, da yabon wannan shekara ya yi suna.

A 1982 ɗin aka haifi ɗan maigida na fari, sai shi da wansa suka sayi akwati ɗaya suka raba. Wan ya ajiye nasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa can gida. Maigida ya taho da nasa Legas, ya sa a wani ƙaramin firji na musamman. Irin wannan kaya yana son sanyi wanda ba ya hawa ba ya sauka, wajen digiri 12 zuwa 14, da duhu, kuma a kwantar da kwalbar don toshiyar bakinta, wadda da ɓawon itace ake yi, kada ta bushe iska ta shiga. To kun dai san Legas. Wuta ta ɗauke, janareto ya tsaya, mai ya yi wuya, maigida ya tafi hutu wata guda. Shekara da shekaru firjin nan yana sanyi yana ɗumi.

Da ɗan ya cika shekara 30 aka shirya liyafa. Wan maigida ya iso da kwalba ɗaya daga nasa kason, tare da wani dattijo abokinsu wanda duk rayuwarsa a cinikin giya ya yi ta. Da safe dattijon ya leƙo kicin ya ce, "Malam, cinyar rago za ka gasa, gishiri da tafarnuwa kawai, don Allah ban da yaji." Na ce, "Ranka ya daɗe, nama babu yaji?" Ya yi dariya ya ce barkono yana rufe harshe, yau kuma harshe ne zai yi alƙalanci.

Kwana biyu kafin nan sun tsayar da kwalaben biyu a tsaye don lakar da ke taruwa a tsohuwar giya ta kwanta a gindi. Kafin a buɗe, dattijon ya ɗaga kowace ya duba inda ruwan ya tsaya. Ta Faransa tana nan a gindin wuya. Ta Legas ta sauka har kafaɗa, ga kuma alamar yoyo a gefen murfi. Bai ce komai ba, amma na ga ya taɓe baki. Ya kunna kyandir, ya riƙa tsiyaya a hankali cikin wani tulun gilashi, yana kallon wuyan kwalbar ta hasken, da ya ga laka ta taho sai ya tsaya.

Daga nan ya zuba kaɗan a kofi, ya karkata shi a kan farin ƙyallen tebur. Ya ce sabuwar giya launinta kamar zoɓo mai kauri yake, in ta manyanta sai gefenta ya koma kamar jan bulo. Ta Faransa tsakiyarta ja ce mai duhu, gefen ne kawai ya yi bulo. Ta Legas kuwa duk ta koma ruwan ƙasa, kamar shayin da ya kwana.

Sai hanci. Ya juya kofin, ya shaƙa, ya yi shiru, ya sake shaƙa. A ta farko ya lissafa ƙamshin itace, da ganyen taba, da jemammiyar fata, da ƙasa bayan ruwan sama, ya ce kuma har yanzu ana jin ɗan itacen a ƙarƙashi. Ina shigo da nama ƙamshin ya bugi hancina, kuma gaskiya na ji wani abu kamar rumfar dukawa a kasuwar Kurmi ta Kano. Ta biyun warin dafaffen dabino da ƙonannen sukari take yi.

A ƙarshe ya kurɓa, ya zagaya da ita a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya tofar a wani kwano, don masu wannan aiki in suna gwaji ba sa haɗiyewa. Ya ce abu uku yake nema: tsami, da bauri, da tsawon lokacin da ɗanɗano zai zauna a baki bayan an tofar. Baurin nan daga ɓawon inabi da ƙwallonsa da gangar katakon da ake zuba giyar yake fitowa, ganga mai cin lita 225, inda take yin wajen shekara ɗaya da rabi kafin a ɗura a kwalba. Irin baurin da ke cikin goro da baƙin shayi ne. Tana sabuwa yana ɗaure baki, shekaru ne ke lausasa shi, kuma shi ne ke hana ta lalacewa da wuri. Wadda ba ta da shi tun farko, ajiya ba ta ƙara mata komai, kuma mafi yawan giyar da ake sayarwa a duniya haka take.

Maigida ya zuba masa ido yana jira. Dattijon ya nuna ta farko ya ce wannan tana kan ganiyarta. Ya nuna ta biyu ya ce, "Abokina, wannan ta mutu da daɗewa, zafi ya dafa ta." Teburin ya yi tsit. Maigida ya ce ai gona ɗaya ce, shekara ɗaya, akwati ɗaya. Dattijon ya ce haka ne, amma ba ɗaki ɗaya suka kwana ba. Saura kwalba huɗu a firjin, shekara 30 yana ɗokin ranar da zai buɗe su.

Nan take mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya faɗo mini a rai. A Shagamu ya yi cinikin goro, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar daushe. Amma goro ba ya zama daushe don kawai ya kwana biyu. Sai an zaɓi mai kyau tun farko, an naɗe a ganye, ana buɗe huhu lokaci lokaci ana canja ganyen, ana tsince mai sankara kafin ya shafi sauran. In mai saye ya zo yana cewa goron wane gari ne, sai tsoho ya fasa ɗaya ya miƙa masa ya ce, "Alhaji, bar suna, sa a baki."

Su ma Turawan suna ya sha yaudararsu. A 1976 a birnin Faris aka rufe sunayen kwalabe aka ba ƙwararrun Faransa, sai ga giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a gaban manyan gonakin Bordo. A 2012 kuma aka kama wani mai suna Rudy Kurniawan a Amurka yana ɗura giyar da ba ta kai ba cikin tsofaffin kwalabe yana sayar wa attajirai, a 2014 aka yanke masa shekara 10.

Ga inda abin ya shafe mu. Da yawanmu mun haura shekara 20 ko 30 a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, kowa da abin da ya ajiye yana cewa sai na koma gida. Wani fili ne da bai taka ba tun da ya saya. Wani zumunci ne da ya bari a kan cewa jini ba ya tsinkewa. Wani 'ya'yansa ne, yana ganin tun da shi Bakano ne ko Bakatsine, Hausa da tarbiyya suna nan a jikinsu ko bai zauna da su ba, sai ranar da aka kai su gaban kakarsu a ga gaisuwa ma ta gagara. Asali mai kyau ne, amma wa ya buɗe huhun ya duba? Kuma in an samu dattijon da zai gaya mana gaskiya irin ta mutumin nan, kada mu ce ya ci mana fuska.

Bana in Allah Ya kai mu hutun makaranta, duk wanda ke da hali ya sa yara a mota su je su kwana biyu a gida. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu. Wassalam.