Gonar Kakanmu Ta Ƙasar Sudan

Da yawanku kun san gidanmu, kun kuma sha jin marigayi mahaifinmu yana cewa muna da gona a Sudan wadda ruwa ba ya yanke mata rani da damina. Muna yara mun ɗauka wasa ne. Sai da ya rasu, aka zo rabon gado, aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga wasiƙar ajami naɗe cikin tsumma. Malam ya karanta, ya ce shi ba zai rufe rabo ba sai an san matsayin wannan gona, gama haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne.

Wasiƙar ta kakanmu ce. Fataucin goro ya kawo shi Kumasi, ya yi aure, aka haifi mahaifinmu. Yaro bai yi wayo ba kakan ya ɗauki sanda ya nufi gabas aikin hajji a ƙasa, yadda mutanen dā su ke yi, a yi tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago. Inda ya tsaya shi ne Jazira, watau filin da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, kudu da Hartum. Bai komo ba.

To, mun shiga cigiya. Wani ƙanenmu ya je Makka, ya yi ta tambayar Hausawan Sudan, har Allah ya haɗa shi da wani dattijo na wajen Wad Madani wanda ya san zuriyar. Daga nan sai waya. Ashe kakan ya sake aure can, muna da 'yan'uwa jini ɗaya, ba mu sani ba.

Amma zancen gona, ga yadda ya ke. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka ja magudanai cikin Jazira don noman auduga, a kai masaƙun Ingila. Gwamnati ta karɓi filayen haya daga masu su, ta yanka su gona gona, kowace ana ce da ita hawasha. Wani kamfani, Sudan Plantations Syndicate, shi ke gudanad da aikin har 1950. Mai hawasha ba shi da ƙasar. An ba shi ne ya noma abin da aka ce, lokacin da aka ce. In an sayar da auduga ya sami kashi 40 cikin 100, saura na gwamnati da kamfani, cikin nasa kuwa zai biya masu tsinka. Dawar da ya shuka a gefe ita ce tasa ɗungum.

Sa'ad da kuɗin auduga ya faɗi bayan 1930, 'yan ƙasa da yawa suka bar hawasharsu, aka ba baƙi irin su kakanmu, waɗanda can a ke kira Fallata. A lokacin nan ya rubuto wasiƙar. Ba mu ce ya yi ƙarya ba. Mutumin da ya saba da jiran hadari, ya ga ruwa na bin kwari har bakin kunyarsa, dole ya kira wurin nasa. Sai dai a 1948 aka yi dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda asalinsa ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Kakanmu bai shiga ciki ba. Hawashar ta fita hannunsa, ya koma ɗan ƙodago a kan ƙasar da ya ke kira tasa. Jikokinsa sun tashi a kambo, watau unguwar ma'aikata ta gefen gonaki, inda ko filin da ɗakinsu ke kai ba su da takardarsa.

Abin da ya fi ba mu kunya, ranar da muka fara waya da babbansu, mu gona muka tambaya. Shi kuwa sunayen 'ya'yanmu ya tambaya, ɗaya ɗaya. Ya ce kakan har ya rasu yana ambaton ɗan da ya bari a Kumasi.

A watan Disamba na 2023 yaƙi ya ci Wad Madani, suka watse, muka yi watanni ba labari. Da aka same su, suna wajen Gadarif, mutum 14 a ɗaki biyu.

Malam ya rufe rabo ba gona a ciki. Mu magada muka yi shawara, kowa ya fid da wani abu daga rabonsa, aka aika musu. Wata 'yar'uwarmu ta ƙi, ta ce ba ta san su ba, ba mu kuwa matsa mata ba, haƙƙinta ne.

Wasiƙar tana hannun magatakardan ƙungiya. Wanda ke da irinta a akwati ya kawo ran Juma'a bayan la'asar, malam ya yarda zai karanta.