Zamanin gizago da zarton rami

Duk wanda ya yi wayo kafin injin yankan itace ya shiga dazukanmu zai tuna cewa mai son fitar da katako da haɗa kayan aikinsa yake farawa. Ya ɗauki guntun sifirin mota ya nufi maƙera, a zuga wuta a buge masa ruwan gizago da na gatari, shi kuma ya shiga jeji ya zaɓo reshen marke, ya sassaƙa ƙota daidai tafin hannunsa, har ta kai idan wani ya ari gizagon sai ya ji bai zauna masa ba. Da waɗannan ake faskara giginya a fitar da azara, da su ake tsaga kututturen maɗaci gida biyu a yi ta fafe shi har ya kwanta ya zama ƙyauren zaure, da su ake fitar wa almajiri allo daga aduwa.

Yau ƙyauren ƙarfe ne, mai walda ke haɗa shi kafin la'asar.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka yawaita, dogon zarto na mutum biyu ya bazu. Ruwan zarton kaɗai ake saye, sauran duk aikin hannu ne. Ku yaran yanzu ku ji yadda ake yi. A haƙa rami da zai shanye tsayin mutum, a gitta itatuwa masu ƙwari a bakinsa, a mirgino gungumen kawo ko maɗaci a ɗora. Sai a jiƙa zare a ruwan gawayi, a ɗaure shi tamau daga wannan kai zuwa wancan, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar baƙin layi miƙaƙƙe a jikin itacen. Babba yana sama yana bin layi da ido, yaronsa yana cikin rami yana ja, garin katako na zubo masa a ka da wuya, yana manne wa gumi. In zarto ya fara cijewa, a cusa tsinin itace a tsagar don ta buɗe. Da safe kuwa ba mai taɓa gungume sai an zauna da magagari an bi haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya, a karkata wannan dama, wancan hagu, da ɗan ƙarfen da maƙeri ya yi wa tsaga. Wahala ce, kuma na ramin ya fi shan ta, ladansa bai taka kara ya karya ba.

Sai dai wanda zai yi kwanaki a kan gungume ɗaya ba ya sare ɗanyen saurayin itace. Ya kan zagaya ya duba, ya ƙwanƙwasa ya saurara, kuma katakon da ya fitar a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har iska ta busar da shi.

Yanzu yaro ɗaya da inji da galan ɗin fetur ya gama da itace uku kafin azahar, kaurin haƙoran injin kuma ya mai da kaso mai yawa gari. Haka aka yi wa maɗobiya a dazukan Taraba, ana lodin ta zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta a 2017 cikin itatuwan da duniya ta ƙayyade cinikinsu. A 'Yan Katako na Na'ibawa ko kasuwar Katako ta Yamai, kafinta sai ya tona tuli kafin ya sami busasshe guda, mafi yawa da danshinsu aka loda su a mota.