Ranar da Na Ɗanɗana Teku

Ina ɗan shekara tara Baba ya tafi da ni Elmina. Daga zangon Kumasi muka hau motar katako, shi zai saro busasshen kifi, ni kuwa aikina riƙon buta. Tun ba mu hango gari ba hanci ya riga mu isa: ƙaurin kifi a kan murhun laka, hayaƙin itace, da wani ƙarni mai gishiri da iska ke kwasowa.

Da na ga teku sai na ƙanƙame rigar Baba. Na tambaye shi ina ɗaya gaɓar, ya ce, "Sai ka girma." Na kamfaci ruwan na kurɓa, na tofar, na ce lallai wani ya ɓarar da gishirin gidansu. Fantawan da ke gyaran taru ba sa jin Hausa, amma fuskata kaɗai ta ishe su dariya.

Ashe mun dace da Bakatue, bikin Talatar farko ta watan Yuli. An yi makonni ba a kama kifi a tafkin Benya ba, sai ranar aka jefa taru sau uku, aka buɗe ruwa. Kwale-kwale masu tutoci suka cika tafki, mata sun ci ado suna waƙa, ga sarki bisa kafaɗun mutane, laima tana juyi. Baba ya ja ni gefe muka yi la'asar, sannan ya sayo mini dokunu da soyayyen kifi. Barkonon ya sa ni hawaye, amma ban bar ko ƙaya ba.

Akwai kuma wani farin gini a bakin ruwa, na ɗauka gidan wani attajiri ne. Sai a makaranta na ji Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, kuma ta wata ƙaramar ƙofarsa aka riƙa fitar da bayi, har da waɗanda aka koro daga arewa. Baba ya sani. Sai yanzu nake tuna ko ɗaga kai bai yi ya dubi ginin ba.

Bara na koma da jikata. Ƙarar injin ta danne waƙar masunta, kowa na kallon biki ta cikin waya, kifin ma an ce ya ja baya. Ƙaurin dai yana nan. Yarinyar ta daɗe tana kallon ruwa, can ta ce, "Kaka, ina ɗaya gaɓar?"

Na ce, "Sai kin girma."